Gwaggo da Dutsen Tozali

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, sai dai wani ya riga wani kama hanya. Gwaggo ta riga mu ranar wata Alhamis da hantsi, a ƙarshen daminar bana, tana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida tana gyaran zogale. Ba ta yi jinya ba, ba ta wahalar da kowa ba. Ta dai jingina da bishiyar ta ce kanta yana juyawa, kafin a kawo mata ruwa ta cika. Mu da muka san ta muka ce ko tafiyar ma irin tata ta yi, don ba ta taɓa son a tsaya jiran ta ba.

Kafin azahar gida ya cika ya batse. Matan Dagumawa suka zo a bayan a-kori-kura, masu goyo da masu dogara sanda. Masu suyar kifi na bakin titi suka kashe wutarsu suka taho da ƙaurin mai a jikinsu. Kowace ta durƙusa sai ta ce, "Ya haƙuri? Ashe Gwaggo lokaci ya yi." Daga nan sai ta ɗora da nata labarin. Wannan ta ce Gwaggo ce ta yanke mata cibiya, ta kuma yanke wa 'ya'yanta. Waccan ta ce ita ta tsaya a kanta ranar da naƙuda ta zo da gardama, har sai da aka sami motar asibiti. Wata tsohuwa ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Allah ya ji ƙanta, amma fa ta iya faɗa. Ni har cikin ɗakina ta bi ni ta wanke ni tas." Muka yi dariya muna kuka, don duk ɗakin babu wadda ba ta taɓa shan wannan wankin ba.

Washegari matan zumunta na cocin bayan jami'a suka zo cikin atamfa iri ɗaya, suka zauna a tabarma tare da mu. Maman 'Yan Biyu ce ta jagorance su, tsohuwar maƙwabciyarmu, 'yar ƙasar Tangale da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na sashen kemistiri. Kanta ya yi furfura yanzu. Ta fi mu kuka, mu da aka yi wa mutuwar, har sai da muka koma ba ta haƙuri. A waje kuwa, wajen zaman maza, an ce Baffa, ƙanin Gwaggo kuma ladanin masallacin unguwarmu, bai ce komai ba duk yini sai magana ɗaya: "Yau an rufe bakin gidanmu."

Maganar Baffa ta sokar min zuciya, domin ni ban da baƙin cikin rashi ina da wata fargabar. 'Yar farina tana gida goyon ciki, haihuwa yau ko gobe. A Ɗankaza take aure, gidan mutanen kirki, amma gida ne da har yau ake rambaɗa wa jariri tozali tun kafin cibiya ta faɗi. Gwaggo ta ce min, "Ki bar ni da su. Ranar da za su zo barka ina zaune." To ga shi an kai ta makwancinta. Ni kuwa, da yake 'yar farina ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in buɗe baki a gaban surukanta a kan abin da ya shafe ta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyin wannan kunya. Ina karɓar gaisuwa ina tambayar kaina, wa zai tare hannun kakar yaron in ta zaro tandun kwalli?

Wanda bai san Gwaggo ba zai ce mene ne abin damuwa a ɗan kwalli. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da ita, kada kuma a manta da abin da ta saya mana da sunanta.

Yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni daga yaye, a ɗakinta na girma, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji, nan bayan layinsu. Doguwa ce siririya, ga murya, in ta yi sallama a zaure sai an ji a ƙuryar gida. Ungozoma ce tun ban san kaina ba. Jariri duk "baƙo" take ce masa, ko na mace ko na namiji. Maza kuwa da itace take auna su. In ta shiga gidan haihuwa, kafin ta dubi mai jego sai ta leƙa bayan ɗaki ta ga itacen wankan da maigida ya tara. In ya yi kaɗan sai ta ɗaga murya yadda zai ji daga waje: "Wannan na dafa shayi ne ko na wankan jego?" Magidanta da yawa a Wudil sun ƙara kuɗin itace ba don Allah ba, don bakin Gwaggo.

Amma abin da ya fi fito da sunanta shi ne tozali. Ran Juma'a, ranar kasuwa, tana da wurinta a layin masu kayan ƙamshi. Fatake ke kawo mata dutsen a ɗan buhu. Ina tuna shi sarai: baƙi-baƙi mai ƙyalli kamar azurfa, ƙarami a ido amma in ka ɗaga sai ka ji ya rinjayi hannunka, in aka fasa shi kuma sai ya rabu gida-gida masu kusurwa, kamar da wuƙa aka yanka. Takan jiƙa shi ta wanke, ta sake wankewa, ta shanya, sannan ta zauna a kan dutsen niƙanta na musamman ta yi ta niƙa tana tankaɗewa da ƙyalle. Na wasu yakan yi tsakuwa-tsakuwa ya sa ido ruwa. Na Gwaggo in ka murza a yatsa ba ka jin komai don laushi. Da wannan take alfahari. "Nawa ko idon ɗan yau ba ya ji," in ji ta. Kuma duk baƙon da ya faɗo hannunta, da ta gama yi masa wanka sai ta zizara masa a ido, ta ja masa gira, ta ɗiga a goshi saboda bakin mutane. An ce yana wanke ido, yana sa shi ya buɗe da kyau. Haka ta gada, haka kowa ya sani.

Rigimar ta faro ne shekarun farko da buɗe jami'a, lokacin da ma'aikata suka fara kama haya a unguwarmu. Maman 'Yan Biyu, wadda a lokacin ko ɗa ɗaya ba ta da shi, Malama kawai muke ce mata, ta kama gidan da ke jikin namu. Takan shigo gaida Gwaggo ta ce mata Mama. Wata rana da la'asar ta shigo ta tarar Gwaggo tana niƙa, 'yar farina kuwa, wadda ke rarrafe a lokacin, ta dafa gefen dutsen ta kai hannu baki. Malama ko sallamar ba ta ƙarasa ba. Ta yar da jakarta, ta sure yarinyar, ta nufi randa ta yi ta wanke mata baki da hannu, yarinya na tsala ihu.

Gwaggo ta ajiye ɗan dutsen ta ce, "Ke Malama, lafiya? Kashi ta taɓa?"

"Mama, da kashi ne da sauƙi. Wannan dutsen dalma ce. Guba ce ga yara."

"Guba? Abin da uwata ta sa min, na sa wa rabin garin nan? To duk mun mutu ke nan, fatalwa ce ke miki magana."

Malama ta yi ta bayani, Gwaggo ta juya mata ƙeya. Ta yi makonni ba ta amsa gaisuwarta sai da ka. In Malama ta wuce sai ta ce da ni, yadda za ta ji, "Ga likitar duwatsu can ta dawo." Ni ma, in faɗi gaskiya, bayan Gwaggo na bi. Wa zai so a ce abin da ake ci da shi a gidansu guba ne? Amma Malama irin mutanen nan ce masu naci cikin ladabi. Kullum sai ta shigo, ta durƙusa ta gaishe ta, ta tashi ta tafi. Ran nan dai Gwaggo ta gaji ta ce, "To naci, me kike so?" Ta ce, "Mama, ki zo wajen aikina ki gani da idonki."

Gwaggo ta ci ado ta yafa babban mayafinta, na raka ta. Aka miƙo mata farar riga irin ta masu aikin wurin ta ce ita ba gawa ba ce. Malama ta riga ta narkar da garin tozalin Gwaggo a ruwan asid ta tace, ya zama fari tas kamar ruwan randa. Ta ɗauko wani ruwan, shi ma fari, ta ɗiga a ciki. Nan take kwalbar ta koma rawaya kamar ƙwaiduwa. Ta ɗora a wuta rawayar ta ɓace, da ya huce sai ga wasu 'yan ƙyalƙyali kamar zinariya suna sauka a hankali. Ta ce, "Kin gani, Mama? Dalma ce ke ba da wannan launin in ta haɗu da wannan ruwan."

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Masha Allah, kyau kam akwai. Amma 'yar nan, na taɓa ganin mai rufa-ido a kasuwa ya zaro ƙwai daga kunnen mutum. Dutsena baƙi ne, kin nuna min rawaya. Ni ban ga dalma ba."

Na zaci Malama za ta yi fushi. Sai ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Mama, in kin ga dalma za ki gane ta?"

"Ni da na auri masunci? Shekara nawa ina kallon sa yana narka ta yana ɗaura wa birgi?"

Mijin Gwaggo, Allah ya ji ƙansa, a kogin nan ya yi rayuwarsa, kuma da dalma ake yi wa bakin birgi, ragar kamun kifi, nauyi don ya nutse in an jefa. Don haka Malama ta ce mu haɗu a maƙera. Ta sa maƙerin ya fito da murhunsa fili, ta hana a zo da yara, ta tsayar da mu ta inda iska ke fitowa, ta ce kowa ya rufe hanci. Gwaggo da hannunta ta zaɓi dutsen daga buhunta, don kada a ce an musanya. Maƙeri ya farfasa shi ya zuba cikin gawayi ya kama zuga. Can sai wani wari ya tashi kamar an ƙyasta ashana kwali guda. Da wuta ta lafa ya tona tokar da awartaki, sai ga 'yan dunƙule-dunƙule masu ruwan toka sun taru a ƙasa. Ya tsoma ɗaya a ruwa ya miƙa wa Gwaggo.

Ta juya shi a tafin hannu. Ta danna masa farce, farcen ya shiga. Ta karce shi da bakin wuƙar maƙerin, wurin ya yi ƙyalli. Ban taɓa ganin fuskar Gwaggo ta yi haka ba. Ta ce a hankali, "Dalma ce." Gani ya kori ji.

A hanya ne ta fara tambaya, Malama tana ba ta amsa. Ta ce dutsen nan dalma ce da farar wuta suka haɗu suka zama abu ɗaya, warin da muka ji farar wutar ce ke fita ta bar dalmar. Gwaggo ta ce ai tana wanke shi sosai kafin ta niƙa. Malama ta ce wanki yana fitar da datti ne, ita kuwa dalmar ita ce jikin dutsen. Ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ake ganin kamar ba ya komai, amma tsamin da ke cikin cikin mutum yana narkar da shi. Jariri ya murza ido ya tsotsi hannu, hawaye kuma ya gangara da shi ta hanci zuwa maƙogwaro. In ta shiga ba ta son fita, sai ta bi jini ta kwanta a ƙashi, ta taɓa ƙwaƙwalwar da ke tsiro. Ba lalle yaro ya yi zazzaɓi ko kuka a gane ba. Sai dai ya tashi jini kaɗan, ko karatu ya yi masa nauyi, a ce haka Allah ya yi shi.

"To mai laushi fa, irin nawa?" in ji Gwaggo.

Malama ta ce, "Mama, gwargwadon laushinsa, gwargwadon saurin shigarsa jiki."

"Wato gwanintar tawa ce ma ta fi cuta."

Akwai abin da ban faɗa ba tukuna. Gwaggo ɗa ɗaya Allah ya bar mata, wanda nake kira Yaya. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa da kowa, amma tun yana ƙarami kansa bai ɗauki karatu ba, na allo da na boko, magana ma sai ya yi ta lalube. Yanzu haka dabbobin mutane yake kora wa a kara, inda ake cinikin dabbobi, ran kasuwa. An ce da yana jariri idonsa dara-dara ne, Gwaggo ba ta gajiya da yi masa kwalli, safe da yamma. Da muka iso ƙofar gida muka same shi zaune a dakali yana ɓare rake. Ya washe baki ya ce, "Inna, sannu da zuwa." Gwaggo ta tsaya cak. Ta kamo hannun Malama ta ja ta cikin zaure, ina biye.

"Tsakaninki da Allah. Ni na yi masa?"

Idon Malama ya kawo ruwa. Ta ce, "Mama, ban sani ba. Abubuwa da yawa suna kawo haka. Ba zan ce miki ke ce ba, ba kuma zan iya rantse miki cewa ba shi ba ne."

Gwaggo ta gyaɗa kai ta ce, "Na gode da ba ki yi min ƙarya ba." Ta shiga gida ta hura wuta ta yi wa Yaya dambun da ya fi so, ta zauna tana kallon sa har ya cinye. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, ni ma ban taɓa yi mata ita ba.

Da safe ta ɗaure buhun tozalin ta ce za ta watsa shi a kogi daga kan gada. Malama ta tare ta: "Mama, kifin fa? Mu za mu ci." Sai aka haɗa buhun da dutsen niƙan da ƙyallen tankaɗe, Malama ta tafi da su wajen aikinsu inda ake adana irin waɗannan abubuwa. Aka kankare ƙasar wurin da take niƙa aka kwashe. Juma'ar da ta biyo baya Gwaggo ta zauna a wurinta na kasuwa da turaren wuta da kanwa da sabulun salo. Ciniki ya ja baya ƙwarai, don ba su aka san ta da su ba. Duk wadda ta zo neman tozali sai ta zaunar da ita ta ba ta labarin maƙera, ta nuna mata ɗan dunƙulen dalmar da ta ƙulle a leda.

Da a nan ta tsaya da ba wanda zai zarge ta. Mutum ya bar sana'a shiru, wa zai ce masa don me? Amma ta ce, "Da hannuna na sa, da bakina zan cire." Ta ɗauki ƙafa ta bi gidajen da ta taɓa karɓar haihuwa, na cikin gari da na ƙauye, tana cewa abin da na sa wa 'ya'yanku akwai cuta a ciki, ban sani ba, yanzu na sani, kada a ƙara. Mahaifina ya roƙe ta ta bari. Ya ce, "Yaya, kina tona wa kanki asiri. Duk wanda ɗansa ya taɓa ciwo ke zai kama." Haka kuwa aka yi. A Dagumawa wata mata da ta rasa ɗa shekaru da suka wuce ta riƙe mata mayafi a tsakar gida tana kuka tana cewa, "Ashe ke kika kashe min shi!" Gwaggo ba ta fizge ba, ba ta kare kanta ba. Ta tsaya har matar ta gaji, sannan ta ce, "Allah ne ya san abin da ya ɗauke shi. Ni dai ga wannan na bayanki, shi na zo wa." Wasu gidajen suka daina kiran ta haihuwa. Aka yi ta cewa ta tsufa ta ruɗe, 'yan boko sun juya mata kai. Na sha ganin ta dawo da yamma ƙafa duk ƙura, gari na wayewa ta sake ɗaukar mayafi.

Faɗan da ya fi daɗewa shi ne nata da Baffa. Shi mutum ne mai son kwalli, ba ya fita masallacin Juma'a sai ya rangaɗa shi. Ya shigo har tsakar gida ya ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Kwalli sunna ne. Kina bin gida-gida kina hana sunna a kan maganar wadda ko salla ba ta yi?"

Ta ce, "Kai ladan, ni na goye ka, kada ka yi min wa'azi a tsaye. Zauna." Ya zauna. "Na hana ka sa wa idonka? Idonka ne, gemunka ya yi furfura, ka san abin da kake yi. Amma jariri bai roƙe ka ba. Ni na ga dalma ta fito daga dutsen nan da idona. Ka je ka tambayi malamanka ko an ce a ɗura wa jinjiri dalma. Maganar Malama kuwa, da gidanka ne ya kama da wuta ta zo ta faɗa maka, sai ka ce ta yi alwala tukuna?"

Baffa ya fita yana huci. Sun fi shekara gaisuwa kawai ke haɗa su. Mun dai ji a bakin matarsa cewa ya je ya yi tambayar, aka ce masa dutsen da aka yaba wani ne daban, ba kowane baƙin dutse na kasuwa ba, kuma abin da ya tabbata yana cutarwa barin sa ake yi. Bai taɓa zuwa ya ce Yaya kin yi gaskiya ba, Baffa ne fa. Amma jikokinsa duk ba wanda aka sa wa, kuma in Gwaggo ta so tsokanar sa sai ta leƙa fuskarsa ta ce, "Ladan, yau ido fari? Ko tandun ya ɓata?"

Da Malama ta haifi tagwayenta, danginta suna nesa, Gwaggo ce ta yi mata wankan jego har ta yi arba'in, da ganye da kunun kanwa da komai, ta kuma ci wa mijinta mutunci a kan itace kamar kowa. Masu gutsiri-tsoma suka ce har Kirista take wa wanka. Ta ce, "Naƙuda ba ta tambayar addini, ni ce zan tambaya?" Tagwayen nan suna cikin jariran farko da suka fita daga hannunta ba ɗigon baƙi a fuska. Sannu a hankali gidajen da suka guje ta suka dawo, don ba a sami mai hannunta ba. Ta kafa sharaɗi: in ita za ta wanke baƙo, tandu ba ya shiga ɗakin. A unguwarmu yanzu yara sun tashi ba su ma san ana yi ba. Amma ƙauyuka da dama ana nan ana yi, kuma gidan surukan 'yata yana ciki.

Ba a daɗe da yin sadakar bakwai ɗin Gwaggo ba 'yar tawa ta sauka, a asibiti, namiji. Muka dawo gida. Kashegari da hantsi 'yan barka suka iso daga Ɗankaza, mota guda, kakar yaron a gaba. Dattijuwa ce mai faɗa a ji a gidanta. Aka yi gaisuwa, aka yi mana ta'aziyya, aka sha fura. Ɗakin ya cika da mata. Mai jego tana can ƙarshen gado ta juya wa mutane baya, ta ja mayafi ta rufe fuska, kamar yadda ake so mai ɗan fari ta yi, kamar ba ita ta haife shi ba. Aka miƙa wa kakar jariri. Ta ɗaga shi tana masa wasa: "Kai, wannan angon nawa, ka zo da kuɗin zance ko hannu rabbana? A'a, ji ido duk kwantsa. Ba wanda ya sa masa kwalli?" Ta kwance haɓar zaninta ta fito da ɗan tandu, ta zare tsinken.

Na dubi bakin ƙofa, wallahi na dubi bakin ƙofa, kamar zan ji sallamar nan mai cika gida. Matar Baffa ta sunkuyar da kai. Tsinken ya fito baƙi ƙirin, kakar ta gyara kan yaron a cinyarta.

Sai hannu ya fito daga cikin mayafi ya rufe fuskar jaririn. Hannun uwarsa ne. Ko juyowa ba ta yi sosai ba, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Akwai dalma a ciki. Kada a sa masa."

Ɗakin ya ɓarke. "La ilaha illallahu!" "Yau ga 'yar zamani, a kan ɗan fari!" Kakar ta ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ta ce, "Ke, ni kike faɗa wa yadda zan yi da jikana? Ba ki ji kunya ba?"

"Na ji, Inna. Kamar ƙasa ta tsage in shiga. Amma ba zan ɗauke hannuna ba."

Kakar ta daɗe tana kallon hannun nan. Can ta ce, ba da kowa ba, "A wurin marigayiya Gwaggo nake saye. Daga baya ta tako har Ɗankaza cikin rana ta ce in daina, na ce ta fitar min daga gida. Ko ruwa ban ba ta ba." Ta mayar da tsinken cikin tandu ta ƙulle a haɓar zani. "Na zaci da ta tafi an huta da maganar. Ɗauke hannunki, kada ki toshe masa hanci."

Ranar suna ita ta ɗauki yaron da kanta tana zagayawa da shi cikin mata, fuskarsa fes ba ɗigon komai. Ina tsaye wajen tukwane na ji wata baƙuwa ta leƙa ta ce, "A'a, Hajiya, ango ba kwalli?" Sai kakar ta gyara masa hula ta amsa da ƙarfi, kamar abin da aka gada tun kaka da kakanni: "Mu a gidanmu ba a sa wa jariri."

Na ajiye ludayi na zagaya bayan ɗaki na yi kukan da ban samu na yi ba ranar jana'iza. Allah ya yafe miki abin da ba ki sani ba, Gwaggo, ya saka miki da abin da kika yi bayan kin sani.